Zaren da Gwaggo Ta Murɗe

Shekara huɗu na yi ina yin zare. In na faɗi haka a Baudeta sai a bushe da dariya, a ce ɗan boko ya ƙare karatu ya koma sana'ar tsofaffin mata. To, a yi dariyar. Ni na san abin da zaren nan ya ci mini, kuma har yau in na tuna sai haushi ya kama ni.

Sunana Abdurrahamane. A lokacin ina Yamai ina neman digirin dokta a kan abin da ake kira zaren gawayi, wanda ya fi ƙarfe ƙarfi amma bai kama ƙafarsa a nauyi ba. Yin sa ba tsafi ba ne, haƙuri kawai yake ci. Za ka narkar da wata irin roba da muke kira polimer har ta yi kauri kamar ƙaro, ka tura ta ta wani faranti mai ƙananan huji, ta fito siri-siri ta faɗa cikin ruwan magani ta daskare, ka ja a hankali ka naɗe. Zare ɗaya silili ne ɗaruruwa kwance gefe da gefe, kowane sili ya fi gashin kai siranta, kuma ba a murɗe su. Wannan shi ne ɗanyen zare. Daga nan a gasa shi sannu-sannu har ya yi baƙi, sannan a sa shi a wani murhu da iska ba ta shiga, mai zafin da ya wuce digiri dubu. Duk abin da ba gawayi ba sai ya tashi, gawayin ya rage a miƙe.

Nawa aikin shi ne in barbaɗa wani baƙin gari a cikin robar tun tana ruwa, gari mai laushin da ko madubin likita ba ya ganin ƙwayarsa, in ga ko zai ƙara wa zaren ƙarfi, in kuma gano yawan da ya kamata a sa. Shekara guda na yi ina roƙo da wasiƙu kafin a aiko mini da garin, a cikin wata ƴar kwalba da ba ta kai tandun kwalli ba. Da ya iso na yi zare kwarkwaro huɗu. Na farko fari fat, ba gari ko kaɗan. Na biyu da ɗan kaɗan, na uku da ƙari, na huɗu ya kusa zama baƙi. Kowanne da takardarsa manne a jiki. Amfaninsu duka shi ne a gasa su a rabe a gwada wanda ya fi. Garin kuwa ya ƙare ƙaf.

Murhun ne ba mu da shi a ƙasar nan. Wata jami'a a can arewacin Afirka ta yarda ta ba ni mako biyu a nata a cikin watan Mayu, aka kuma gaya mini ƙiri-ƙiri cewa in ban zo ba akwai mutum goma a layi.

Sai shekarar ta zo da nata. Daminar da ta wuce ba ta yi ba, hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Ana cikin wannan sojoji suka karɓe mulki. Masu ba mu tallafi daga waje, waɗanda ba su taɓa tambayar ko mun ci abinci ba, nan take suka tuna da ƙa'ida suka ɗaure bakin jakarsu. Aka garƙame ɗakin bincikenmu da kwaɗo. Da ƙyar na lallashi mai gadi na shiga na kwaso kwarkwarona huɗu, na jera su a kwali na naɗe da tsumma. Sannan na duba fasfo na ga ya mutu, kuma aka ce ba za a sabunta ba sai na kawo sabuwar takardar haihuwa daga garinmu. Wai a tabbatar an haife ni. Ni da nake tsaye a gabansu ina gumi.

Ban yarda in bar kwalin a wurin kowa a Yamai ba. Na rungumo shi a cinya tun daga tasha har Tasawa, daga Tasawa na hau babur zuwa Baudeta, gidan Gwaggo.

Gwaggo Hindu yayar mahaifina ce, ita ta rene ni tun uwata ta rasu ina shekara uku. Sunan ubanta na ci, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Ɗanbaba take ce mini. Sana'arta kaɗi. Na tashi ina jin ƙarar mazarinta yana juyawa a kan ƴar fata, tana dangwalo alli da yatsa, tana lasa, tana murzawa. Da zaren hannunta aka yi mini rigar da na fara zuwa lakwal, makarantar boko. Amma shekara biyu ke nan ba wanda ya noma kaɗa, wato auduga, a wajenmu, na tarar da taskirarta rataye a jikin danga, gizo-gizo ya yi gida a ciki. Ɗanta ya tafi ci-rani Nijeriya, matarsa ta koma gidansu da yara. Ita kaɗai ce a gidan, sai ƙanenta Baba Na Allah da ke maƙwabtaka da ita. A tsakar gida ga ƙwarya cike da anza tana jiƙa, ƴaƴan daji masu ɗacin da sai an kwana ana sauya musu ruwa kafin su ciwu.

Washegari na je ofishin gari aka ce an sauke magajin gari, wanda sojoji suka naɗa bai iso ba, tambarin kuma yana kulle a aljihun tebur. Sai dai in koma Tasawa. Hanyar nan rairayi ne zalla, jiya sau biyu muka kusa faɗuwa, na ce ba zan sake jijjiga kwalin a kan babur ba.

Ina ɗauke da shi zan shiga ɗakinta ta ce, "Ɗanbaba, mi ke cikin kwalin ga ne da kake rungume da shi kamar jinjiri?"

"Zare ne, Gwaggo. Ni na yi shi. Malamaina zan kai ma su gani."

"Kai ka yi zare?" Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ashe kallon da kake yi mani kana ƙarami bai tahi a banza ba."

"Ki aje mani shi dai. Gobe in Allah ya so ina nan."

Abin da na ce ke nan. Mai babur yana waje yana danna oda, kuma gaskiya, a raina na ga ɓata baki ne in tsaya ina yi wa tsohuwa bayanin polimer. Na sha maimaita wannan minti ɗayan a kaina fiye da yadda na maimaita duk karatun da na yi.

Goben nan ta zama kwana biyar. Ranar farko mai sa hannu ya tafi taron raba tallafin hatsi. Rana ta biyu ya zo amma an ɗauke wuta. Rana ta uku wani sakatare mai tumbi, wanda yunwar shekarar ba ta san hanyar gidansa ba, ya dube ni ta saman tabarau ya ce da Faransanci, "Mushe, repassez demain," wato in dawo gobe. Na ce masa jirgi ba ya jiran demain. Ya ce to in je in gaya wa jirgin ya zo ya sa mini hannu. Na haɗiye abin da ya taso mini, don na san in na furta shi takardar ta tafi ke nan. A bakin ofishin mata ne zaune a rana da buhuna wofi, tun daga Hawandawaki wasu suka tako, su ma demain ake ce musu. Rana ta biyar da hantsi aka buga mini tambari, aikin da bai kai tsawon atishawa ba.

Na iso Baudeta da la'asar, kaina cike da ƙura da zagin da ban samu yi ba. Tun daga ƙofar gida na ji ƙarar mazari. Na tsaya cak. Na san ba kaɗa a garin nan.

Tana zaune a inuwar rumfa, ƙafa miƙe, taskira a gefe, alli a gabanta. Baba Na Allah yana tsugune yana gyaran igiya. Ga kwalina a buɗe. Ga kwarkwarona huɗu a jere, tsirara, ba ko sili ɗaya a jikinsu. A cinyarta kuwa ga wani ƙaton ƙullin zare mai ruwan toka, fari da baƙi sun sarƙe da juna, an murɗe shi tamau, sumul, ba ƙulli ba gargada. Ban taɓa ganin zaren da ya kai shi kyau ba.

Ta ɗago fuska tana murmushi. "Sannu da hanya, Ɗanbaba. Allah ya ruhwa asiri da na buɗe. Na ɗaga shi ne in duba ko gara ta shiga, sai na ga abin mamaki. Haka za ka kai ma malamanka? Zare ba murɗi, gashi a kwance kamar jelar doki? Ai da ka sha kunya, mu ma mun sha. A ce ɗan da Hindu ta rena bai san ana murɗe zare ba." Ta miƙo mini ƙullin da hannu biyu. "Ɗai-ɗai ba su da kauri, shi ya sa na game su huɗun. Ja ka ji. Ko raƙumi ka ɗaure da shi ba shi tsinkewa. Takardunka kuwa ga su can na soke a jinka, ban yar ba, na ga da rubutu."

Na karɓa. Na warware ɗan bakinsa na ɗaga a rana. Sililin sun kakkarye, sun yi gashi-gashi, alli da miyau sun shiga kowane saƙo. Ko da aljani ya raba su huɗu, abin da zai fito daga murhu toka ce. Gari ya ƙare, ɗakin bincike yana kulle, saura kwana goma sha tara lokacin da aka ba ni a murhu ya yi.

Kwana biyar ina haɗiye magana a gaban mai tumbi. A gaban tsohuwar da take cin anza sau ɗaya a yini ne bakina ya buɗe.

"Wa ya sa ki? Wa ya aike ki? Na ce ki aje, na ce ki gyara? Shekara huɗu, Gwaggo! Shekara huɗu kika zauna kika murje da yawunki!"

Murmushin bai gama barin fuskarta ba, ta ce, "In warware ma shi? Ai ina gane su, kowane da launinshi. Kwana biyu ya ishe ni."

"Ki warware mi? Kin san abin da ke hannunki? Jahilci dai, jahilci! Komi kuka gani sai kun sa hannu!"

Baba Na Allah ya miƙe. "Kai, Abdu, uwarka ce hwa. Kwana huɗu tana bisa aikin ga, ko hura ba ta—"

"Baba, ka bar ni!" Na juya gare ta. Mata sun fara leƙowa ta saman danga, na gan su, ban fasa ba. "Ki ji da kyau. Daga yau duk abin da ya hito daga hannuna, kada ki ƙara taɓa shi. Ko allura ce. Kin ji ko?"

Ta dube ni. Ta goge allin yatsunta a zane, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Na ji, Abdurrahamane."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya kamata a ce ya tsayar da ni. Bai tsayar da ni ba, don a lokacin ina jin daɗin fushina, ina ganin ni aka zalunta, kuma ni ɗin aka zalunta. Na kwashi kwarkwaron wofi da ƙullin na zuba a kwali, na fita ban yi sallama ba.

A Yamai na rubuta wa mutanen murhu gaskiyar abin da ya faru, ban da sunan Gwaggo. Suka amsa da layi uku masu ladabi, suka ba na bayana wurin. Malamina ya jujjuya ƙullin a hannunsa ya ce aikin hannu ne mai kyau, sannan ya ce mu jira a buɗe ɗakin bincike mu sake neman gari. Na san ma'anar wannan jiran. Na nemi aikin koyarwa a wata lakwal mai zaman kanta, ina koya wa ƴaƴan masu hali yadda gishiri yake narkewa a ruwa.

Wata biyu ban aika ko gaisuwa ba. Kullum da safe sai na tashi da shari'a a kaina, ni ne mai ƙara, ni ne alƙali, kuma kullum ni nake cin nasara. Amma labarin gida yana zuwa. Ruwa ya yi jinkiri, shanun mutanen Isawan suna zubewa a bakin rijiya, a wajenmu an koma cin tafasa da ganyen jiga. Da aka biya ni albashin farko na sayi buhun hatsi na ba wani direban Tasawa, na rubuta sunana ɓaro-ɓaro a jiki da na Baudeta, na ce a sa a amalanke a kai gidan Hindu mai kaɗi. Ban haɗa da saƙo ba. A ganina buhun ya isa magana, har ina yaba wa kaina, wai ga mai haƙuri da aka ɓata wa shekara huɗu amma bai manta da zumunci ba.

Kwana goma sha shida bayan haka, ina cikin aji, salulata ta yi ƙara. Baba Na Allah ne, ya ari wayar wani a kasuwar Tasawa, yana ihu kamar yadda suke yi in sun riƙe waya.

"Abdu! Ka zo ka buɗe buhunka!"

"Wane buhu, Baba? Bai iso ba?"

"Ya iso tun ran nan! Shina nan a ɗaki yadda anka kawo shi. Ta ce daga hannunka ya hito. Na ɗauko wuƙa in hwarke, ta ce in na taɓa ba ta yahe mani ba, amana ce. Ƙahwahunta sun kumbura, Abdu. Abin da muka samu muna raba mata, to mu ma mi gare mu?"

"Ka kai mata wayar in yi mata magana!"

"Ta ce ba ta amsar magana daga cikin ƙarhe. Da bakinka ka hwaɗa, gaban mutane. Ka zo da bakin naka."

Na fita daga ajin ban ko ɗauki jakata ba. A mota haushi ne ya riƙe ni tun daga Yamai har Tasawa. Haushin taurin kanta, don wallahi Gwaggo tana da shi, ta san sarai buhun nata ne. Haushin masu kwaɗo da masu tambari da masu demain, waɗanda da sun yi aikinsu da kwalina bai kwana a Baudeta ba. Sai da babur ya shiga rairayi, na ga gonaki an yi shuka ta fito ta ƙone, sannan na rasa wanda zan ɗora wa sauran sai ni.

Washegari na same ta da azahar kwance a tabarma a ƙarƙashin rumfa. Ta rage kamar an matse ta, ƙafafun kuwa sun yi suntum suna sheƙi. Taskirar ba ta jikin danga. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da lafiya lau kamar jiya muka rabu, ta tambayi hanya, ta tambayi malamaina. Sannan ta nuna ɗaki da haɓa.

"Ajiyarka tana ciki. Ba wanda ya taɓa."

Na shiga. An ɗora buhun a kan duwatsu uku don kada gara ta hau, an lulluɓe shi da zanenta na zuwa suna saboda yoyon jinka. Ɗinkin bakinsa yana nan yadda ɗan kasuwa ya yi shi. Baba Na Allah ya ce ita ta sa shi ya ɗora, ita ta sa ya rufe, kullum da safe sai ta rarrafa ta leƙa ƙarƙashinsa, amma ko da gefen hannu ba ta goge shi ba.

Na jawo shi waje har gabanta. Mata sun taru a bakin danga, waɗanda suka ji na farko, na ɗaga murya don su ji na biyu.

"Gwaggo, naki ne. Don ke na aiko shi. Abin da na hwaɗa ran nan na janye, ki yahe mani. Komi nawa naki ne, ki taɓa abin da kika ga dama."

"Ai na yahe tun ran nan," in ji ta. "Ni ce da laihi. Na ga abu ban san shi ba, na sa hannu."

Na so ta zage ni. Na so ta tuna mini rigar lakwal, ta tuna mini goyo, ta ce mini ɗan banza marar kunya, in samu abin riƙewa. Ba ta yi ba. Na kama bakin ɗinkin na fizge, zaren ya zare tsaf ya faɗi a tabarma, hatsi ya bayyana. Na ce ta sa hannu ta ɗiba. Ta ce in ɗiba dai in ba matar Na Allah ta surfa, hannunta ba ƙarfi. Na cika ƙwarya na miƙa, aka tafi da ita, ba a jima ba muka ji turmi ya fara amsawa a maƙwabta.

Muka zauna muna sauraren turmin. Iska ta turo zaren bakin buhun, farin zaren leda na banza, har ya kusa taɓa yatsan ƙafarta. Na ga ta janye ƙafar a hankali, da ƙyar, saboda nauyin kumburi. Ta dube shi, ta dube ni.

"Abdurrahamane," ta ce, "wanga zaren hwa? Na aiki ne, ko a share?"